Tambayar da ta Kayar da 'Yar Magini

A ɗakin jira na asibiti, wani magini ya juyo wurin dattijon da ke gefensa.

"Baba, tambaya ɗaya ta kayar da 'yata a gasar lissafi. Wai a tara ɗaya da biyu da uku, har abada. Ta ce ba iyaka, suka ce amsar ƙasa da sifili take!"

"Akwai hanyar masana da ke ba da hakan."

"In yi ta jera bulo, in ƙare da rami? An koya wa yaran gasar hanyar?"

"A'a. Da gangan na sa tambayar, don a tace masu basira."

"Au, kai ne! Da kanka ka gano amsar?"

"A littafi na gani."

"To ba masu basira ka tace ba, Baba. Masu littafi ka tace."