Hotunan Yaƙin Bama a Bangon Goggo Tasalla

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali?

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Karaye. Ina tara tsofaffin mujallu masu hotuna na zamanin yaƙin Bama, domin ɗalibaina su ga tarihi da idonsu.

Kwanan baya aka kwatanta mini gidan wani marigayi tsohon soja a Jajaye. 'Yarsa, Goggo Tasalla, ta buɗe mini ɗakinsa. Ashe shafukan mujallun da ya dawo da su ya manna da koko, sun rufe bango guda. Ga sojojinmu reras cikin daji! Ta nuna wani mai dogon wuya, ta ce, "Ka ga Baba nan, Malam. Ba ni da wani hotonsa."

To, ga inda na maƙale. Bangon ƙasa ne, ya tsage, jikokinta sun ce za su rushe shi kafin damina ta kankama. Na gwada ɓamɓare kusurwa ɗaya, takardar ta marmashe a hannuna. Na ɗauki hotunan da waya, amma bayaninsu yana bayan shafukan, manne da bango. Goggo kuwa ta ce, "Ɗan nan, in yaga mini Baba za ka yi, gara ɗakin ya faɗo masa."

Ina gaida ɗalibaina 'yan aji uku da na yi wa alkawarin hotunan. Masu sauraro, don Allah wa ya san yadda ake raba tsohuwar takarda da bangon ƙasa? A taimaka da sauri, hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Malam Nafi'u, Karaye.