Albasa a Bakin Taki

A kasuwar albasa ta Aliero, shekarar da aka ba mu jiha, na ji wani ɗan kasuwar Jega yana ƙulla ciniki da wani tsohon manomi daga Giwa Tazo.

"Baba, ka ba ni albasar duka, in biya ka da takin zamani. Ka yarda?"

"Na yarda, Alhaji, ta fara ruɓewa. Tun da malaman gona suka koya muna takin ga, albasa ke yin ƙato, amma ba ta ajiyuwa."

"To ka daina sa shi mana."

"Ƙasar ta saba. In babu shi, ko ganye ba ta ba ni."

"Ba ku da ƙungiya?"

"Ɗana ya kawo ta daga makaranta, wai gurguzu, kowa daidai. Muka haɗa albasa, shugaba ya tafi Legas da ita, har yau bai dawo ba."

"Sai haƙuri, haka Allah Ya so."

"Liman ya riga ka faɗi. Wai bara wa ya kawo takin ga ƙauyenmu?"

"Motata ce," in ji Alhaji, sannan ya kau da kai.

Alhaji ya ci riba a taki, ya ci a albasa. Tsoho kuwa ya koma gida da buhunan da za su sake kawo shi gaban Alhaji baɗi.