Mai Rubuta Allon Banki

A ɗakin jira na bankin raya ƙasa, wani tela ya ƙanƙame takardar gidansa. Dattijon da ke gefensa ya leƙa ta.

"Ɗana, jingina za ka ba su?"

"Kekunan ɗinki za su saya mini, Baba. Ai bankin gwamnati ne."

"Ƙwarai. Sau uku ana rushe shi a sake masa suna. Ka zo neman takardarka, a ce tana tsohon banki."

Telan ya harare shi. "Kai ina ka sani?"

"Ni nake rubuta musu allon ƙofa."

"To yau me ya kawo ka?"

"Cewa suka yi in zo in auna allon."

Aka kira lambar telan har sau biyu. Yana ji, ya ninke takardarsa ya cusa a aljihu.