Mun Ƙure Na'urar Kunnen Malam

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanku da aiki. Sunana Talatu, daga Likoro ta ƙaramar hukumar Kudan.

Maigidana, Malam Sale, mai injin niƙa ne tun kafin aurenmu. Sannu a hankali ƙarar injin ta cinye masa ji. Bara ƙanensa ya sayo masa na'urar kunne a kasuwar Makarfi, mai abin murɗawa a gefe. Mu kuwa muka ɗauke ta kamar rediyo, muka murɗa har ƙarshe. Na tsaya gabansa na ce, "Malam, kana jina?" Ya ce, "Ina jin kukan akuya da rugugin babur, ke ce dai ba na ji."

Muka je asibiti a Ikara. Likita ya ce na'urar ninka duk sautin da ya shigo take yi, ba ta zaɓe. Ya ce cikin kunne akwai wasu ƙananan gasu da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Yawancin na Malam sun mutu, ƙurewar da muka yi kuma ta ƙarasa sauran. Ban yi kuka ba. Na dawo gida na ɗora tuwo.

Yanzu da hannu muke magana. Wanda ya taɓa zama da irin wannan ya ba ni shawara. Sannan ku gaishe mini da Malam, ga shi nan kullum gefen rediyo. In kun ambaci sunansa, zan taɓa kafaɗarsa.