Ɗan Nonon da Ya Faɗi a Hanya

YASIN: Alo? Alo, Inna A'i? Yasin ne, daga Yamai. An ce mini kin daina cin abinci, mi ya faru?

INNA A'I: Ji mini ɗan banza! Haka anka koya maka gaisuwa a lakkwal? Ba sallama, ba ina wuni, sai tambaya kamar jandarma ya tare mota? Wa ya aike ka ka tambaye ni? Cikina ne ko naka?

YASIN: Yi haƙuri, amaryata. Salamu alaikum. Ina wuni?

INNA A'I: Amaryar wa? Na sake ka tun bara, miji ba ko turmin atamhwa. Wa alaikumus salam. Lahiya lau. Ina gajiya?

YASIN: Ba gajiya. Ina gida? Ina mutanen Tama?

INNA A'I: Suna lahiya. Ina uwarka? Ƙahwar tata ta sauka?

YASIN: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya zafi?

INNA A'I: Lokacinshi ne. Ina aiki?

YASIN: Mun gode Allah. An yi ruwa wajenku?

INNA A'I: An yi yayyahi, bai kai na shuka ba. Albasar fadama dai an kwashe.

YASIN: Madalla. Ya su Baba Usman? Ya awaki?

INNA A'I: Awaki na nan. Saniya ma na nan, tana ta kuka bakin ƙohwa, ta hana kowa sakat.

YASIN: Wace saniya? Ke da saniyarki ke rugga wajen Baba Bakari?

INNA A'I: ...

YASIN: Alo? Inna? Rezon waya ne ya ɗauke?

INNA A'I: Ba rezo ba ne. Ina jin ka. Ya maido ta.

YASIN: Ya mi?

INNA A'I: Ya maido ta, na ce! Kunnenka ya toshe? Ita da maruƙanta duka, har da wadda anka haihwa da kaka. Ya ɗaure su ga turke, ya tsaya bakin zaure kamar baƙo, bai shigo ba. Mutumin da ke shigowa har ɗakina shi buɗe ƙwarya shi sha hura bai tambayi kowa ba.

YASIN: Inna lillahi. Mi anka yi mishi?

INNA A'I: Kai za ka tambaye ni? Takardarku ce. Waccan babbar da kunka liƙa ga bangon zaure ranar Salla, mai rassa kamar gawo.

YASIN: Bishiyar dangi? Ai Mardiya ɗiyar Baba Usman ta buga ta a Madawa. Ni ban ma gan ta ba, ban samu zuwa Salla ba.

INNA A'I: To ni na gan ta, ko da ban iya karatu ba. Kowa ya taru, ana nuna wa kowa reshenshi, ana dariya. Har jinjirin Hindatu da bai yi haƙori ba shina ciki. Mai Sanda, shi wanda ya maido saniyar, ya zo gaisuwar Salla da iyalinshi, ya ce wa ɗiyarshi Mairama, wadda ke karatun boko lakkwal, ta nuna mishi inda shike. Yarinya ta bi da yatsa daga sama har ƙasa. Ta sake bi. Ta juyo ta ce, Baba, ba mu ciki.

YASIN: A'a, Inna, ba ya yiwuwa! Da hannuna na sa shi. Ina zaune gaban Kaka Malam, Allah ya jiƙan shi, yana faɗi ina bugawa cikin odinata, kwamfutar nan tawa. Shi da kanshi ya ce in sa Baba Bakari ƙarƙashinki. Tsaya, odinatar na gabana, bari in buɗe... Ga shi nan! Wallahi ga shi, Bakari, da matarshi da ɗiyanshi duka.

INNA A'I: Shina cikin akwatinka a Yamai. Bangon Tama anka duba.

YASIN: Bari in duba abin da na aika wa Mardiya... Kai. Kai, kai, kai. Na gane.

INNA A'I: Ka gane mi? Yi magana, kana ta kai-kai kamar mai korar jaki.

YASIN: Inna, abin da nake aiki da shi, lojisiyel ake ce mishi, yana da gurabe. Gurbin haihuwa, gurbin aure, gurbin rasuwa. Na nemi gurbin shan nono, babu. Waɗanda sunka ƙera shi ba su san da wannan ba. Sai na yi gurbi nawa na kaina, na sa mishi suna ɗan nono, da shi na ɗaure Baba Bakari gare ki.

INNA A'I: To wa ya kwance?

YASIN: Na Mardiya wani iri ne daban. Da na tura mata, nata ya karanta abin da ya sani, abin da bai sani ba ya zubar. Bai san gurbina ba. Shi kuma ba ya bugawa sai wanda ke ɗaure da wani, ta haihuwa ko ta aure. Da igiyar ta tsinke, sai reshen Baba Bakari duka ya faɗi.

INNA A'I: Ya zubar bai hwaɗa wa kowa ba?

YASIN: Ko ƙala bai ce ba.

INNA A'I: Direban motar Buza ma in ya ga buhun da bai san mai shi ba, shina tsayawa tasha shi yi cigiya. Naku sai shi sauke mutum bakin hanya shi wuce?

YASIN: Ba shi kaɗai ba ma. Duk abin da na yi wa gurbi da kaina ya tafi. Laƙabin mutane, wanda ya gina rijiyar garka, zanen fuskar kakanni...

INNA A'I: Rijiya na nan inda take, ba ta jin haushi. Ni mutum nake yi maka magana! Kai ka san yadda anka yi yaron nan ya zo hannuna?

YASIN: Kaka Malam ya ce uwarshi ta rasu...

INNA A'I: Malam bai ga komi ba, shina Najeriya cin rani lokacin. Shekarar yunwa ce, wadda shanu sunka ƙare. Ɗana na hwari ya rasu da wata biyu, anka rufe shi bayan gari. Nono ya cika mini, har zazzaɓi nake, ina matsewa cikin ƙasa ina binnewa. Sai ga wani Bahillace bakin rijiya, shanunshi sun mutu, matarshi ta mutu a hanya wajen Karohwane, shina riƙe da abu cikin tsumma, shina ɗiga mishi ruwa da yatsa. Ko kuka abin ba shi iyawa. Ban tambayi kowa ba, ban jira uwar mijina ba. Na amshe shi na zauna nan gindin rijiya. Da ya kama, Yasin, ni na san abin da na ji. Ni ban ci na ƙoshi ba shekarar nan, amma shi ya ƙoshi.

YASIN: Allah sarki, Inna.

INNA A'I: Kar ka yi mini Allah sarki. Har na yaye shi shina bayana. Ubanka da Usman bayanshi sunka zo, nonon da ya bari sunka sha. Shi ya sa ban taɓa kiran sunanshi ba. Ka taɓa jin na kira?

YASIN: A'a. Kullum Mai Sanda kike cewa.

INNA A'I: Mace ba ta kiran sunan ɗanta na hwari, da kunya. Na ba shi kunyar da zan ba wanda ke cikin ƙasa. Duk Tama an san wannan. Malamai sun san ɗiyata mata sun haramta gare shi kamar yadda sunka haramta ga ubanka. Allah ya san da shi, injinku ne kawai bai sani ba.

YASIN: Kuskurena ne, da na duba kafin a buga...

INNA A'I: Ban tambaye ka na wa ne ba. Kuskure ba shi tatsar saniya. Gyara nake so.

YASIN: Akwai hanya. Akwai gurbi guda da duk lojisiyel ɗin sunka sani, nawa da na Mardiya da sauran. In na ɗaure shi da wannan, ba ya faɗuwa.

INNA A'I: Wane?

YASIN: Gurbin riƙo. Ɗan riƙo.

INNA A'I: Mi ka ce?

YASIN: Riƙo, Inna. Rezo ne ya...

INNA A'I: Na ji ka sarai! Ka san abin da ya ce mini bakin zaure da ya ɗaure saniyar? Ya duƙa ya ce, Inna, ga amanarki, na gode da riƙo. Riƙo! Mutum mai hurhura a gemu, wanda ya ɗauki makarar Malam a kahwaɗarshi, shi dube ni shi ce na gode da riƙo. Na riƙi ɗiyan mutane cikin gidan nan sun hi a ƙirga, sun girma sun koma gidan ubanninsu, Allah shi yi musu albarka. Wanga jinina ne ke cikin ƙashinshi.

YASIN: Ke mi kinka ce mishi?

INNA A'I: Na tsaya kamar turmi. Ya juya ya tahi, ina kallon bayanshi har ya sha kwanar masallaci. In kira shi, da wane suna? Mai Sanda? Gaban mutane, ranar da ya ce mini baƙuwa ce ni?

YASIN: Inna, kuka kike?

INNA A'I: Hayaƙi ne. Jikata Zaliha ta sa ɗanyen icce a murhu, ba ta da hankali. To ka sa shi gurbin haihuwa mana, ka huta.

YASIN: In na sa haka na ce Kaka Malam ya haife shi. Na shafe ubanshi ke nan, da uwar da ta mutu a hanya. Ɗiyanshi su tashi ba su san su Fulani ba ne.

INNA A'I: A'a. Wannan ƙarya ce, ba ni son ta. Matar nan ta ɗauke shi wata tara, ba ni ƙwace mata. Shi ma ba shi yarda.

YASIN: Shi ya sa na ce...

INNA A'I: Yi shiru in yi tunani. Cikin kayan nan naku, mi ne ba shi hwaɗuwa a hanya ko wace mota anka sa shi?

YASIN: Suna. Suna kam ko wane lojisiyel yana ɗauka yadda anka rubuta shi.

INNA A'I: Ko da tsawo?

YASIN: Ko da tsawo.

INNA A'I: To ɗaure shi da igiyar da kake da ita, ko ta riƙon ce, tunda ita injin ya sani. Igiya ba ta hita ga takarda, ko tana hita?

YASIN: Layi kawai ake gani.

INNA A'I: Madalla. Amma maganar nono cikin sunan za ka sa ta, inda ba mai zubarwa. Ka tura wa Mardiya ta buga sabuwa, ta duba da idonta kahin ta baro Madawa. Tsohuwar na riga na ciro ta, Zaliha ta kunna wuta da ita.

YASIN: Yau zan yi. Amma Baba Bakari yana ina yanzu?

INNA A'I: Sun tashi daga rugga. An ce an gan su wajen Bangi. Da ruwa ya zauna za su yi arewa da shanu, sai kuma bayan girbi, in ina da rai. Ranar kasuwar Bangi Usman za shi kai ni da amalanke, da saniyar a baya, da takardar a hannuna.

YASIN: Da tsufan nan naki? In kuma bai zo kasuwa ba?

INNA A'I: In zauna har a watse. In ya zo kuma ya juya mini baya, na dai kira. Ka buɗe wurin sunan?

YASIN: Na buɗe. Kiredin wayata ya kusa ƙarewa, Inna. In rubuta Mai Sanda ne, ko...

INNA A'I: A'a. Tsaya. Gara in hwara da kai, kar bakina shi ƙi ni tsakiyar kasuwa. Rubuta... Rubuta, Bakari.

YASIN: Inna...

INNA A'I: Bakari. Bakari, wanda ya sha nonon A'i har ya ƙoshi. Haka za ka sa, kar ka rage ko ɗaya. Ka rubuta?

YASIN: Na rubuta.

INNA A'I: Ashe ba shi da nauyi a baki. Shekara hamsin ina... Ku kuma mi kuke kallo, kun yi cirko-cirko bakin ƙohwa? Ba ku taɓa jin sunan mutum ba? An yi lisha tun ɗazu, ku wuce ku kwanta! Zaliha, kai wa saniyar nan ruwa, ta yi shiru haka nan. Yasin, karanta mini shi in ji yadda ya zauna. Yasin? Alo?