Kujerar Gefen Taga

A tashar motar garin Jeonju, dusar ƙanƙara na sauka a hankali, na ji wata tsohuwa a cikin bas tana tambayar wani mutum.

"Ɗana, da mai kujerar nan?"

"Babu, Iya. Tikiti biyu na yanka, hannu ya saba. Wata uku ke nan da rasuwar matata."

"Allah ya ba ka haƙuri. Ina za ka?"

"Coci, neman gudummawar aikin bishara a jami'a. Marigayiyar ce mai baki, ni hotunan ɗalibai nake riƙe mata. 'Yarmu ta ce in rufe ido, zan ji muryar uwarta."

"Ka ji?"

"Dariyarta kawai."

Tsohuwar ta zauna.

"Rufe idon, ka fara da ni. Marowaciya ce ni. In na ba ka, kowa zai ba ka."