Ranar da Na Sake Duban Fuskar Usaina

Ƴan'uwa cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Salamarsa ta tabbata a kanku da gidajenku.

Fasto ya ce in faɗi maganar yadda ta zo mini, kada in ji kunyar hawaye. To idan kun ga na yi shiru, ku ɗan jira ni.

Sunana Hannatu, matar Ishaya mai lambu a bakin tabki. Yawancinku kun san mu, amma na ga baƙi daga Ɗan Issa da ba su san abin da ya same mu ba. Ko ku na gida ma rabin labarin kuka sani. Sauran rabin a cikin ɗakina ya faru.

Mun daɗe da aure Allah bai ba mu haihuwa ba. Da ya tashi ba mu, sai ya ba mu biyu, duka mata, Hassana da Usaina. Uwar mijina, Iya, ta taso daga Safo a amalanke da itace da gero da kanwa, ta zo yi mini wankan jego. Tun daga ƙofar gida take rangaɗa guɗa. Daga ranar nan sunana ya ɓace a unguwa, kowa sai ya ce Uwar biyu.

Gidanmu ya cika da aiki. Igiyar shanya ba ta rabuwa da tsumma. Kafin in wanke na wannan, waccan ta ɓata nata. Maƙwabtanmu Musulmi ne gaba da baya, amma ba su bar ni ni kaɗai ba. Wannan ta ɗebo mini ruwa a famfo, waccan ta aiko da hura, wata ta zo ta karɓi ɗaya ta goya don in samu in yi tuwo.

Kama ɗaya suke, kamar an tsaga kara. Babansu ma sai da Iya ta ɗaura wa Hassana jan zare a hannu kafin ya daina rikita su. Ni ban taɓa buƙatar zare ba. Hassana mai rigima ce. Idan tana jin yunwa duk unguwa sai an sani, kuma in ta kama nono ba ta saki sai ta yi gumi a goshi. Usaina kuwa shiru-shiru, ta fi son ta jira. Idan na kwantar da su a tabarma cikin sange saboda sauro, sai ta lalubo hannun yayarta ta sa a baki tana tsotso, har barci ya ɗauke ta.

Maigida yakan dawo daga lambu ƙafafunsa duk laka, ya wanke hannu kawai ya ce, "Ba ni mai faɗan." Ya ɗora Hassana a ƙirji yana zagaya tsakar gida da ita, ni kuma in ji da Usaina. Haka muka raba su. Gajiya kam na sha ta, har nakan yi gyangyaɗi ina tsaye a bakin murhu. Amma ban taɓa jin daɗin duniya kamar lokacin ba.

Damina ta faɗi, sauro ya yi yawa. Suna da wata huɗu, wata safiya na ba Hassana nono ta kau da kai. Jikinta zafi rau. Yarinyar da ba ta iya shiru, ga ta kwance ko kuka ba ta yi. Na bar wa maƙwabciyata Usaina, ni da maigida muka hau kabu-kabu zuwa gidan likita. Sun karɓe mu da sauri, sun yi abin da za su iya. Suka ce masassarar cizon sauro ce, ta shanye mata jini, sai an kai ta Maraɗi.

Ba mu kai Maraɗi ba.

A cinyata take cikin motar da za ta kai mu, ina riƙe da ƙafarta. Na ji lokacin da ta yi nauyi. Na ce wa maigida, "Baban biyu, duba ta." Ya duba, ya ɗora hannu a kanta. Sai ya taɓa kafaɗar direba ya ce a juya.

Da yawanku kun tsaya a bakin ramin nan tare da mu. Kun yi waƙa, kun yi addu'a, kun kawo abinci. Allah ya saka muku. Amma gaisuwa tana ƙarewa, kowa ya koma gidansa. Ni aka bari da ɗaki.

Da na kwantar da Usaina, sai ta juya gefen da yayarta ke kwanciya, tana lalube da hannu. Ta laluba, ta laluba, ta kamo tsumma ta sa a baki, ta tofar, ta fashe da kuka. Kullum haka. Ni kuma nono yana zuwa na mutum biyu, yana jiƙa mini riga. Mata su shigo su ce, "Sannu Uwar..." sai su haɗiye sauran. Ba wanda ya ƙara ambaton sunan Hassana a gabana. Sun ɗauka tausayina suke yi.

Wata rana a bakin famfo na ji wata tsohuwa tana gaya wa wata, ba ta san ina bayanta ba, wai ƴan biyu ba su jure rabuwa, wadda ta tafi sai ta janye wadda ta rage. Maganar nan ta shige ni ta zauna. Na dawo gida ko ruwan ban ɗauko ba.

Daga nan na daina duban fuskar Usaina.

Ban yar da ita ba, ƴan'uwa. Ina yi mata wanka, ina wanke tsummanta, ina goya ta. Goyo ma ya fi mini sauƙi, tunda a baya take. Amma idan zan ba ta nono sai in juyar da kaina wajen bango. Duk sadda idona ya faɗa kanta, fuskar da na gani cikin motar nan nake gani. Kuma zuciyata tana ce mini, kada ki saba da ita, ita ma tafiya za ta yi. Na daina yi mata wasa. Na daina kiran sunanta. Idan ta yi gwaranci, ba mai amsa mata.

Addu'a kuwa na ajiye ta gaba ɗaya. Ban ce babu Allah ba. Fushi nake da shi, irin fushin da ba ka son ko gaisuwa ta haɗa ku. Ranar Lahadi ina jin waƙarku daga gida, sai in rufe ƙofa. Abinci ya daina shiga. In sa loma a baki in yi ta juya ta. Nonon da yake zuba a da ya fara ƙafewa.

Da na kai Usaina awo, matar da ke auna yara ta ɗora ta a sikeli ta sauke, ta sake ɗorawa. Ta ce, "Yarinyar nan baya take yi. In aka ci gaba haka tamowa za ta kama ta." Sai ta dube ni da kyau ta ce, "Ke fa, kina cin abinci?" Na ce ina ci. Ta girgiza kai kawai.

Maigida ya ji labarin. Da ma shi ya karɓi wasa da yarinyar, shi yake rera mata waƙa idan ya dawo. Mutum ne marar yawan magana, amma ranar ya ajiye kwanon tuwo ya ce, "Hannatu, ɗaya muka binne. Kada ki sa ta zama marainiya kina zaune."

Na ce, "Kai ai ka koma lambunka. Me ka sani?"

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Ya ɗauki ɗiyarsa ya fita zaure. Ban bi shi ba.

Shi ne ya je ya samu Mama Saratu, ga ta nan zaune a gaba, uwarmu a zumuntar mata. Ta zo da hantsi. Na zaci wa'azi za ta yi mini, har na shirya yin shiru. Ba ta yi ba. Ta ga wake a ƙwarya da na jiƙa na kasa surfawa, sai ta ɗaura zane ta jawo turmi. Ta surfa, ta wanke, ta zauna tana tsince ƙaiƙayi. Usaina tana barci a ɗaki.

Can ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Ɗiyata, ba ni labarin Hassana. Ban samu na san ta sosai ba."

Tun ranar da aka rufe ta ban ji sunan nan a bakin kowa ba. Na buɗe baki in ce ba komai, sai kuka ya zo. Na gaya mata yadda take gumi a goshi, da yadda take ture ƙanwarta da ƙafa, da yadda ta taɓa yi wa Fasto fitsari a riga. Ina kuka ina dariya. Na gaya mata abin da na ji a bakin famfo. Na gaya mata ban iya duban wadda ta rage.

Mama ta ce, "Ni ma na binne biyu. Na fari, na yi shekara ban yi waƙa ba." Ta tsame hannu daga ruwan wake ta ce, "Rai ba a hannun Hassana yake ba, balle ta ja wani. Jaririya ce, tana wurin Ubangijinta tana hutawa. Duk abin da kika gaya mini yanzu, gaya wa Yesu."

Na ce, "Mama, ba ni da magana mai daɗi da zan gaya masa."

Ta ce, "Kai masa marar daɗin. Ya saba ji."

Na durƙusa nan gefen turmi, a ƙasa. Ban san ko za a kira abin da na yi addu'a ba. Na ce, "Ya Yesu, na daɗe ina roƙonka, ka ba ni, sannan ka karɓe. Me na yi? Ta mutu a hannuna kana gani. Ina jin tsoronka. Ina tsoron ka karɓe wannan ma. Ba ni da ƙarfin son ta, ba ni kuma da ƙarfin rasa ta. In kana nan, ka taimake ni, don ni na kasa." Na yi ta maimaita na kasa, na kasa, har muryata ta dushe.

Ban ga haske ba, ban ji wata murya ba. Abin da na sani, wani abu da ya daɗe a tokare a ƙirjina ya sassauta, na ja numfashi har ƙasa. Na ji ba ni kaɗai nake durƙushe a wurin ba.

Sai Usaina ta farka da kuka. Na dubi Mama, don na saba wani ya ɗauko mini ita. Ta nuna mini hannuwanta ta ce, "A jiƙe suke. Tashi ki ɗauko ɗiyarki."

Na shiga na ɗauko ta, na fito da ita haske. Na dube ta.

Ƴan'uwa, ba fuskar Hassana ba ce. Hassana ta tsaya a wata huɗu, ita kuwa wannan ta ci gaba. Fuskarta ta yi tsawo, gashi ya fito mata a gefen kunne, ga wani ɗan farin haƙori ya ɓullo a ƙasa. Ƙanwa ta girmi yayarta. Duk wannan a bayana ya faru, a kan cinyata ya faru, ban gani ba.

Ta daina kuka ta ƙura mini ido, kamar tana tunanin inda ta san ni. Na ce, "Usaina." Bakina ya ji sunan baƙo. Na sake cewa, "Usaina, ni ce." Sai ta miƙo hannu ta kama leɓena.

Na rungume ta na yi kukan da ban yi ba ko a bakin kabari.

Ranar Mama ba ta tafi ba sai da ta soya ƙosai ta tsare ni na ci. Da maigida ya dawo ya tarar ina yi wa yarinyar wasa a tabarma, sai ya tsaya a ƙofa ya kasa shigowa. Na ce, "Baban biyu, ka yi haƙuri da maganar da na gaya maka." Ya zauna a dakali ya rufe fuska da hularsa. A nan na san a lambu yake yin nasa kukan, tsakanin kunyoyin albasa, inda ba mai ganinsa.

Ba rana ɗaya na warke ba. Iya ta dawo daga Safo ta yi ta ɗura mini kunu har nono ya dawo. Awo ya fara hawa kaɗan-kaɗan. Bayan nan Usaina ma ta yi masassara, tsoron nan ya sake taso mini. Amma wannan karon ban juya mata baya ba. Na riƙe ta a ƙirji har likita, ina kallon idonta ina kiran sunan Yesu. Aka ba ta magani, ta tashi. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Har yau ban san dalilin da ya sa ya ɗauki Hassana ba. Ba zan tsaya a gabanku in ce ya daina yi mini ciwo ba. Wani lokaci ina tankaɗe sai hawaye ya zubo cikin gari. Abin da zan iya shaidawa shi ne, na je masa da fushi bai kore ni ba, kuma ya maido wa ɗiyata uwarta tun lokaci bai ƙure ba.

Idan akwai wata a cikinku da ta rufe ƙofa tana fama ita kaɗai, kada ki jira sai kin samu magana mai kyau. Je masa yadda kike, ki dogara gare shi. Ku kuma da kuke da irinta a unguwa, ku shiga wurinta ko ba ku san abin da za ku ce ba.

Ina gode wa Allah, ina gode muku. Ga Usaina can a baya a hannun babanta, kuna jin ta. Tun ɗazu take miƙo hannu, yunwa take ji. Ku yi mini izini in je in ba ta nono.

Ubangiji ya riƙe mu duka, cikin sunan Yesu. Amin.